An yi min aiki, nono ya yi ƙaranci, maigida kuma ya yi shiru

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya yara? Dan Allah ki sakaya sunana.

Haihuwar fari ce, yau kwanana 26. Cikina na wata tara aka ga jinina ya hau a wajen awo, ƙafafuna sun kumbura ko silifas ba sa shiga, likita ta ce ba za a jira naƙuda ta zo da kanta ba don gudun jijjiga. Aka kwantar da ni aka sa min magani, washegari aka ɗaura min ruwan naƙuda. Wallahi Anti ciwon ruwan nan daban yake, yana tafiya wani na zuwa, ko numfashi ban gama saukewa ba, haka na wuni har dare amma buɗewar bakin mahaifa ta tsaya a 6 alhali sai ta kai 10 ake haihuwa, daga baya nas ta ce bugun zuciyar yaro ya fara sauka dole a shiga da ni tiyata.

Duk wannan abu maigida na waje saboda ba a barin maza ɗakin haihuwa, sai dai a aike shi siyo kaya ko neman jini. Shi aka kira ya sa hannu. An min allurar baya, idona biyu na ji kukan ɗana, aka nuna min shi aka fita da shi.

A awo an koya mana a sa jariri a nono cikin awa ɗaya, dakashi shi ne rigakafinsa na farko, kuma nono zalla har wata 6 ko ruwa kar a ba shi, na riƙe wannan sosai a raina. Amma sai da gari ya waye aka kawo min shi, ni ko juyawa ba na iyawa saboda ɗinki, kafin nan Hajiyar maigida ta riga ta ba shi madarar gwangwani a fida wai yunwa yake ji. Nonona sai rana ta biyar ya kawo. Yanzu ya saba da fida, in na sa shi ya ɗan ja sau biyu ya saki ya fashe da kuka, ni ma in kama kuka.

Ga Mama ta dage sai na yi wankan jego da tafasasshen ruwa na sha kunun kanwa wai shi ke kawo nono, nas kuma ta ce kar na kuskura da kanwa ga hawan jini.

Abin da ya fi ci min rai shi ne maigida. Ranar suna Hajiya ta faɗa masa a gaban mutane wai da ya yi haƙuri da na haihu da kaina, ya yi gaggawar sa hannu an yanka masa mata, 'yan matan yanzu ragwaye ne. Tun ranar ya canza. Ba faɗa ba zagi, komai yana siyowa, har madarar ma gwangwani biyu yake ajiyewa, amma ba ya zama kusa da ni in ina fama da yaron, ɗinkin ma bai taɓa tambaya ya yake ba. Ni kuma na san sa hannun nan shi Allah ya sa ya zama sanadin rayuwata da ta ɗana, na kasa samun bakin faɗa masa.

Anti nono zai iya ƙaruwa a kwana 26 ko na makara? Ya zan janye fida ba tare da na bar shi da yunwa ba? Kuma ta ina zan ɓullo wa maigida ya dawo kusa da ni, ba tare da ya ga kamar ina haɗa shi da mahaifiyarsa ba? Ranar Litinin zan koma ganin likita, ina so mu je tare ya ji da kunnensa, amma ina tsoron ya ce min aiki ya masa yawa.

Ƙanwarki daga Zariya.