Aikin Depite Ya Wuce Ragon Suna da Kuɗin Magani

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana na Arewacin Kamaru a kan Majalisar Dokoki ta Ƙasa, wadda da hannunmu muke zaɓen wakilanta, amma ba mu cika tambayar abin da suke yi a Yawunde ba.

Kwanan baya na raka wani maƙwabcina gidan wani depite, wato ɗan Majalisar Dokoki ta Ƙasa, a nan Marwa. Tun da hantsi zaure ya cika maƙil: wannan da takardar magani a hannu, wancan yana neman ragon suna, wata tsohuwa kuma ta ƙulle takardar kuɗin makarantar jikanta a gefen zane. Na zauna har azahar, ban ji wanda ya tambaye shi ƙuri'ar da ya kaɗa a kan kasafin kuɗi ba, balle abin da ya faɗa a kan hanyar Mora zuwa Kuseri, wadda ta daɗe tana cin motocinmu. Ban ga laifin mabuƙata ba, domin yunwa ba ta jiran zaman majalisa, amma ba don wannan aka tura shi ba.

Kundin tsarin mulki na 1996 ne ya tanadi majalisa biyu, ko da yake sai a 2013 Majalisar Dattawa ta fara zama. Sanatoci 100 ne, goma daga kowane yanki: bakwai kansiloli ke zaɓa, uku shugaban ƙasa ke naɗawa. Depitoci 180 kuwa talaka ne ke zaɓensu kai tsaye, kuma shi ya sa aka ɗora musu nauyin da ya fi. Idan dattawa suka yi watsi da ƙudirin doka, yakan koma gaban depitoci, kuma muddin fiye da rabinsu suka sake amincewa da shi, magana ta ƙare. Haka nan su kaɗai ke da ikon kayar da gwamnati ta hanyar ƙuri'ar rashin amincewa, idan kashi biyu cikin uku suka goyi baya. Wuƙa ce da ta daɗe a kube, amma tana nan.



Saboda haka, ya Edita, ina neman alfarma ɗaya. Sau uku majalisa ke zama a shekara, a Maris da Yuni da Nuwamba, kuma a zaman Nuwamba ake duba kasafin kuɗi. Idan an tashi daga wannan zama, ku buga mana da Hausa sunayen depitocin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa da suka buɗe baki, da tambayar da kowannensu ya yi wa minista, domin mu sami abin riƙewa ranar da za mu koma zauren nan.

Wassalam.
Naka mai karatu,
daga Marwa, Kamaru.