Godiya ga makarantar nazaren unguwarmu

Assalamu alaikum, shugabar makaranta da malamanta.

Autana shekararsa 4, kuma kafin in kawo muku shi waya ta fi ƙarfina a gidan nan. Ina ajiye ta in ɗora tukunya zai wafce, ya shiga YouTube, wannan bidiyo ya ƙare wancan ya taso da kansa. In ya ga tallan alewa sai birgima a ƙasa har a sayo. Ranar da hankalina ya tashi, samunsa na yi ya ɗaura ɗankwalina a wuya ya hau katanga, wai zai tashi sama kamar na cikin katun. Da na kai kuka makarantarsa ta da, cewa aka yi sakacina ne. Alhali su ma talabijin suke kunna wa yara bayan tara don a samu shiru.

Malamar ajinsa a nan ce ta ba ni mamaki. Ta kama fara, ta ɗauki hotonta dab da ido har ta cika fuskar waya kamar dodo, sannan ta buɗe hannu ta nuna wa yaran 'yar mitsitsiyar farar, don su gane ba duk abin da waya ta nuna ne haka yake ba. Kowane yaro sai da ya riƙe wayar ya ɗauki nasa. Yanzu talla na fitowa zai ce, "Umma, so suke mu saya." Da na je ɗaukarsa ba ta ƙyale ni ba. Ta zaunar da ni ta faɗa mini cewa tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada kallon yaro mai shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana, kuma in riƙa zama kusa da shi ina tambaya: wa ya yi wannan, me yake so mu yi?

Karatu da tsafta, babu abin cewa.

Abin haushi, a 2022 Abuja ce ta karɓi makon wayar da kai kan kafafen labarai na UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, amma har yau makarantu da yawa kuɗin kwamfuta kawai suka iya karɓa. Mu iyaye ma, saƙon murya na shigowa WhatsApp muke turawa gaba ba bincike.

Malama, Allah ya saka da alheri, ya raya miki naki. Kuɗin zango mai zuwa na riga na ware.

Wata uwa daga Kano