Kafin Ku Ce "A Cire Kawai": Wasiƙa Ga Masu Zuwa Asibitinmu Na Haƙori

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da ke zuwa wannan ɗan asibiti namu, muna gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Ni ne likitan da kuke tararwa a ɗakin ciki, kuma da yawun sauran ma'aikata nake rubutu: mai ba ku kati, mai taya ni aiki a gefen kujera, da mai haɗa haƙoran roba.

Bari in fara da laifinmu. A watannin baya akwai waɗanda muka yi wa awon hular haƙori, wato rufin da ake ɗora wa haƙori, muka ce su dawo bayan mako biyu, suka yi ta sintiri har wata guda ya wuce. Hulunan tangaran ba a nan muke yin su ba, awo muke ɗauka mu aika wani gari, kuma can aka samu tsaiko. Amma rashin kiran waya mu sanar da ku, wannan namu ne. Dattijo ya taso tun daga Rijiyar Lemo ko Hotoro a adaidaita sahu, ya iso a ce masa hular ba ta zo ba, ba mu da bakin kare kanmu. Ku yafe mana. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, ga su kuma a baki ɗaya.

Na biyu, kuɗin aiki zai ƙaru daga farkon wata mai kamawa. Allurar kashe zafi, kayan ciko, takardar hoto, har safar hannu, kusan duka daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 ba mu sake sayen wani abu a farashin da muka saba ba. Sabon farashi yana manne a bango kusa da teburin kati.

Na uku shi ne dalilin wasiƙar. Daga yanzu ba za mu cire wa kowa haƙori ba sai mun duba shi da kyau, mun ɗauki hoto in da bukata, mun kuma faɗa masa ko haƙorin zai gyaru. Na san wasu za su ji haushi. Mutum ya kwana bai runtsa ba, ya shigo riƙe da kunci, abin da zai fara cewa shi ne, "Likita, a cire kawai in huta." Cirewa ta fi arha, ta fi sauri, ba ƙarya. Sai dai mu ne muke ganin mutumin nan bayan shekara biyar, turamen ƙasa sun tafi hagu da dama, yana tauna tsire da haƙoran gaba, yana tambayar nawa ake saka wasu. A ranar ce yake gane cewa cirewar ita ta fi komai tsada.

Babu tsutsa a cikin haƙori. Na san akwai masu turara hayaƙi su nuna muku wani abu a ruwa su ce ga ta ta faɗo, amma duk shekarun da na yi ina leƙa kogon haƙori ban taɓa cin karo da ita ba. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke cin sukarin da ya maƙale, na shayi, na lemon kwalba, na alewa da gullisuwa, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da haƙori sannu a hankali. Ɓawon waje ba shi da jijiya, shi ya sa rami yake farawa ba a ji komai. In ya ci ya kai ɓargon da ke ƙarƙashinsa, sai ruwan sanyi ko zaƙi ya fara tsira muku. Wanda ya zo a wannan gaɓar, aikinsa ciko ne, zama ɗaya, bai fi minti 30 zuwa 40 ba.

Ciko iri biyu kuka fi sani. Mai ruwan azurfa ya daɗe ana amfani da shi, yana da ƙwari, amma kusan rabinsa zaiba ce. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya ke cikinta, ta sa ƙasashe rage amfani da shi, musamman ga yara 'yan ƙasa da shekara 15, masu ciki da masu shayarwa. Mu fari muke yi, mai launin haƙori, wanda ake daskarar da shi da shuɗiyar fitilar nan. Wanda yake da tsohon cikon azurfa lafiyayye, ya bar abinsa. Kada wani ya tsorata ku ku biya kuɗin tone abin da bai lalace ba.

Iyaye mata, ga wata magana taku. Yaro yana da haƙoran nono 20, babba yana da 32. Wajen shekara 6 wani turmi yana fitowa can baya, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Da yake ba a ga famfara a wurin ba, sai a ɗauka shi ma na yarinta ne, in ya rube a ce ai zai fita wani ya maye. Babu mai mayewa. Shi ne na dindindin, shi ke ɗaukar nauyin tauna, kuma shi muka fi cirewa a bakin 'yan shekara 12 da 13. Ba na jin daɗin ranar da zan cire shi ga yarinyar da ko sakandare ba ta gama ba.

To, idan ramin ya kai jijiya fa? Nan ne ciwon dare yake farawa, mai bugawa har cikin kunne. Nan ne kuma ake sa kanumfari, ake danna ƙwayar magani a kogon, wasu har ruwan batir suke ɗigawa. Kanumfari yana ɗan lafar da zafi, wannan gaskiya ne. Ƙwaya da ruwan batir kuwa dasashi suke ƙonewa. Bayan 'yan kwanaki ciwo ya ɗauke, sai a ce magani ya ci. Jijiyar ce ta mutu. Ruɓar tana nan tana gangarawa ƙasan saiwa, wata rana a wayi gari fuska ta kumbura.

Ko a nan ma haƙori yakan tsira, ta hanyar aikin da muke kira wankin jijiya. Ana kashe wurin da allura, a buɗe haƙorin ta sama, a kwashe mataccen naman da ke cikin saiwa da wasu siraran allurai, a wanke, a toshe hanyar da wani irin danƙo. Haƙorin gaba yawanci hanya ɗaya gare shi, turmi kuwa uku ko huɗu, shi ya sa kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma turmi kan ci zama biyu ko uku. Abin da ke ba mu ciwon kai shi ne masu ɓacewa bayan zaman farko. Zafi ya tafi, kasuwa ta kira, shi ke nan. Abin da muka toshe ramin da shi a ranar na wucin gadi ne, zai zube, kuma idan kuka dawo bayan wata shida sau da yawa sai dai cirewar da muka guda tun farko, kuɗin baya kuma ya tafi. Turmin da aka wanke wa jijiya yana bukatar hula, domin ya riga ya zama kogo, ƙashi ɗaya a cikin nama zai iya tsaga shi.

Hula ita ce rufin tangaran ko ƙarfe da ake yi daidai awon haƙori, bayan an ɗan fere shi ta kowane gefe. Tunda na ambaci hula, alhazai da hajiyoyi ku yi mini afuwa, zan taɓa haƙorin Makka. Ado ne mai daraja, ba mu ce a daina ba. Amma yawancinsa kwanso ne da aka riga aka ƙera, a zaɓi wanda ya yi kusa da girman haƙori a tura shi, ba a yi awo ba. Bakinsa ba ya kama dasashi, abinci yana shiga ƙarƙashi inda asuwaki da buroshi ba sa kaiwa. Mun sha zare shi mu tarar lafiyayyen haƙorin da aka rufe ya zama baƙi ya yi laushi. Hajiya, in kin ga dasashin wurin yana jini, ko kina jin wani ɗan wari, ki zo a duba. Ana iya yi miki wani mai ruwan gwal a kan awonki, ado yana nan, haƙori ma yana nan.

Ba kowane haƙori ne yake tsira ba. Wanda ya tsage har saiwa, wanda ciwon dasashi ya cinye ƙashinsa yana girgiɗa, ko turmin ƙarshe da ya fito a kwance yana tokarar na gabansa, waɗannan cirewa ce maganinsu, kuma za mu faɗa muku kai tsaye. Wanda kuma ya ji bayani ya ce shi dai a cire, bakinsa ne, za mu cire.

Sai dai giɓi ba ya zama yadda aka bar shi. Haƙoran da ke gefe suna kwantowa cikinsa, na sama da ya rasa abokin karo yana zazzagowa, ƙashin muƙamuƙi a wurin yana shanyewa, mafi yawa a watanni shida na farko. Wanda ya yi shekara goma da giɓi yakan zo a rasa ma wurin da za a saka sabon.

Cikin hanyoyin cike giɓi, haƙorin roba shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma a nan muke haɗa shi. Ana sakawa ana cirewa, kuma dole a cire shi da dare: dasashi yana bukatar hutu, ƙarami kuma ana iya haɗiye shi cikin barci. A wanke shi da buroshi, a ajiye a ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana lanƙwasa shi. In ya karye kada a liƙe da gam, a kawo mana. Makon farko za ku ji kamar an cusa muku takalmi a baki, yawu zai yawaita, magana za ta ɗan sauya, amma baki yana sabawa. Wanda nake roƙon ku guje wa shi ne na masu liƙawa a bakin kasuwa, waɗanda ke dama roba su manne haƙori a jikin maƙwabtansa yadda ba zai ƙara fita ba. Ranar farko yana da kyau a madubi. Bayan shekara, in muka fasa shi, sai mu tarar giɓin ɗaya yana shirin zama uku. Duk wanda zai sa muku ƙarfe a baki, har da mu, kuna da damar ku nemi ganin lasisinsa.

Gada kuma huluna uku ne a haɗe: a fere haƙorin hagu da na dama, su ɗauki na tsakiya. Ba a cire ta, tauna tana daɗi. In maƙwabtan dama suna bukatar hula, riba biyu ke nan. In lafiyayyu ne sumul, raina ba ya so in fere su saboda ɗaya, kuma zan gaya muku haka.

Dashe ne ake yawan tambayarmu yanzu, saboda bidiyon da ake gani a waya. Kusa ce ta ƙarfen titaniyom da ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi ta zama saiwa. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura cewa ƙashi yana kama wannan ƙarfe ya riƙe gam, ya kuma yi wa mutum na farko a 1965. Bayan an saka ana jiran wata 3 zuwa 6 kafin a ɗora haƙori a kai. Ba ya taɓa maƙwabta, yana daɗewa, amma ya fi duk sauran tsada nesa ba kusa ba. Mai shan sigari da mai ciwon sugan da bai daidaita ba sun fi fuskantar ya ƙi kamawa, kuma ba a yi wa yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba. Mu ba ma yin sa. Za mu duba ku, mu rubuta muku takarda zuwa wurin masu yi.

Abu biyu ba sa jira. Idan haɗari ko faɗuwa ya fizge haƙorin babba ɗungurungum, a ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare, a tsoma shi a madara a taho cikin awa ɗaya, sau da yawa yana komawa ya kama. Haƙorin nono ne kawai ba a mayarwa. Idan kuma kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, mutum ya kasa haɗiyar yawu ko numfashi ya fara yi masa wuya, kada ku biyo ta wurinmu, ku wuce sashen gaggawa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ko da tsakar dare ne.

Kafin mu fara kowane aiki za mu rubuta muku kuɗinsa gaba ɗaya a takarda. Wankin jijiya, hula da gada ana iya biya kashi-kashi, kowane zama da nasa. Ku ci abinci kafin ku zo, ku taho da magungunan da kuke sha, ku kuma sanar da mu in akwai hawan jini, suga, sikila, juna biyu, ko maganin tsinka jini. Waɗanda jinkirin hula ya shafa, dubawarku ta gaba da wankin haƙori kyauta ne, sunayenku suna wurin mai kati. Ranar Juma'a muna rufewa da ƙarfe 12, mu buɗe bayan la'asar.

Wassalam.

Naku,
Likita da sauran ma'aikatan asibiti