A keɓe kwamfuta guda don kula da na'urorin Wi-Fi na makarantu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ja hankalin shugabannin makarantu kan wani sakaci da na sha gani a aikina na haɗa intanet.

Kwanan baya aka kira ni wata kwaleji da aka maƙala wa na'urorin Wi-Fi a azuzuwa da ɗakin karatu, amma intanet ɗin ta yi makonni tana tafiyar hawainiya. Da na nemi a nuna mini kwamfutar da ake sarrafa su da ita, sai aka shiga kallon-kallo. Ashe ɗan kwangila a kan kwamfutarsa ta hannu ya ɗora UniFi, wato manhajar da ake sarrafa na'urorin da ita, da ya karɓi kuɗinsa kuma ya tafi da kalmar sirrin, kuma da yake na'urorin ba su daina aiki ba, babu wanda ya farga. Dole muka ɗauko tsani muka bi su ɗaya bayan ɗaya, muna danna ɗan maɓallin bayansu da tsinke, muka sake saiti daga farko.

Abin da ya kamata shi ne a keɓe kwamfuta guda, ko da tsohuwa ce, a ofishi mai kulle, a haɗa ta da kebul kai tsaye, domin ranar da Wi-Fi ya ɗauke mai kula ya samu hanyar shiga ya gyara. Kada a buɗe Facebook da ita, kada kowa ya soka mata filashi, a kuma raba layinta da na ɗalibai. Daga kanta ne ake sabunta manhajar na'urorin, ake ɗora tsaron WPA2 ko WPA3, wato tsarin kulle Wi-Fi da kalmar sirri, ake kuma rarraba wa na'urorin tashoshin Wi-Fi na 1 da 6 da 11 a zangon 2.4 GHz, saboda na'urori biyu maƙwabta a tasha ɗaya toshe wa juna hanya suke yi. Kalmar sirrin da kamfani ya sa kuwa a canja ta tun ranar farko, don da irinta ce mugunyar manhajar Mirai ta kame ɗimbin na'urori a 2016.

Ina ba hukumomin makarantu shawarar kada su biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai ya damƙa wannan kwamfuta tana aiki a kan inbata, tare da kwafin saitin da kalmar sirri a rufaffen ambulan da za a ajiye a ofishin magatakarda.

Naka,
Wani mai aikin haɗa intanet, Zariya.