A Sake Duba Ma'aunin Binciken Kasuwanci

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan jerin makarantun koyar da kasuwanci da jaridar Financial Times ke fitarwa duk shekara. Wajen auna bincike, jaridar tana ƙirga maƙalun da aka buga a mujallu 50 kacal, dukkansu da Turanci, galibi na Amurka da Turai.

Malamin da ya shiga Kantin Kwari ya nazarci yadda ake ba da dilar atamfa bashi bisa amana, ba takarda ba shaida, da wuya aikinsa ya samu shiga waɗannan mujallu, komai amfaninsa.

Ina kira ga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da namu ma'aunin, wanda zai duba ko 'yan kasuwa da hukumomi sun yi aiki da binciken.

Naku,
Mai karatu daga Kano