Amsa ga malamin da ya ce ina cin gumin yara

Malam,

Bayan gaisuwa. Ka miƙe a taron marubuta ka tambaye ni a gaban jama'a: tunda matasa ne ke rubuta shirinmu mai dogon zango, don me sunana ke gaba, ba cin guminsu nake yi ba? Ka ƙara da cewa ban karanta harkar fim a jami'a ba, kuma labarin ya fara jan ƙafa. Jan ƙafa masu kallo ne alƙalansa. Takardar shaida kuwa ban taɓa cewa ina da ita ba. Maganar cin gumi ce ta sosa mini rai.

Kafin a ba kowane marubuci kashin shirin da zai rubuta, ɗaki ɗaya muke zama mu tsara zangon baki ɗaya: wa zai mutu, wace ce za ta gano sirri, a kashi na nawa. Idan yaro ya kawo rubutunsa, ni ke binsa layi-layi, don kada jarumar da aka sani da kawaici a kashi na 3 ta koma mai tsiwa a na 12 ba dalili. Wani lokaci rabin kashin nake sake rubutawa cikin dare, amma sunansa ne ke fitowa, ladan kuma nasa ne. Ɗan wasa ya kwanta ciwo ana tsakiyar ɗauka, ni ake kira. Tasha ta zaftare kuɗi, ni zan nemo yadda fitowa biyar za ta koma biyu labari bai karye ba. Ni ke zaɓen darakta, ni ke zama wurin tace hoto. Ranar da shirin ya faɗi, ba a neman wanda ya rubuta kashi na 7, ni ake sallama.

Ba ni na ƙirƙiro wannan tsari ba. A Amurka, Vince Gilligan ya yi shekaru yana rubuta wa Chris Carter shirin The X-Files kafin ya fito da nasa, Breaking Bad, a 2008. Kashi 62 aka yi, mafi yawansu sunan wasu marubutan ke kai, ba wanda ya kira shi macuci. Haka sana'ar ke haifar da masu jan ragama: ka zauna ƙarƙashin wani, a gyara maka, ka ga yadda ake yanke shawara. Ka tambayi waɗanda suka ratsa ta hannuna, wasunsu yau nasu shirin suke ja.

Duk wannan ka sani, Malam, domin ka taɓa zama a irin wannan ɗaki. Kana da lambata. Ka bar ta, ka zaɓi wurin da ake ɗaukar bidiyo. Mai neman sani ba haka yake tambaya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, cin gumin yana nan, kuma ka kau da kai. Tashoshi da kamfanonin nuna fim a intanet ne ke rage yawan marubuta, su ɗauki mutum na 'yan makonni su sallame shi kafin a fara ɗauka, su ci gaba da sayar da shirin shekara da shekaru. Kan haka marubutan Amurka suka yi yajin aikin kwana 148 a 2023, har suka samu a rubuce mafi ƙarancin adadin marubutan da za a ɗauka a shiri, da cewa ba za a ba manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) sunan marubuci ba. Duk sanda na zauna da masu kuɗin ina jayayya kan albashin yaran nan, ban taɓa ganinka ba.

Idan akwai wanda na danne wa suna ko lada, ka kawo shi, da lambar kashin, a gaban mutanen da ka yi tambayar. Zan zo da takardun biya.

Wassalam,
Jagoran marubutan shirin