Balan-balan ɗin ɗalibai: a fara da masu saurare a ƙasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, ina roƙon fili a jaridarka in yi magana kan wani aiki da makarantunmu za su iya yi ba tare da jiran miliyoyi ba.

Aikin shi ne harba balan-balan na roba zuwa sararin sama ɗauke da kayan gwajin da ɗalibai suka haɗa da hannunsu. Ana cika shi da iskar heliyum ko haidirojin, a rataya masa laima da ɗan akwatin da bai wuce kilo ɗaya ko biyu ba. Cikin akwatin akwai kyamara, ma'aunin zafi, GPS da ƙaramar na'urar aika saƙon rediyo. Yana hawa kimanin mita 5 a daƙiƙa, kafin awa biyu ya kai kilomita 30, wato ninki uku na inda jiragen fasinja ke bi. A can iska ta yi ƙaranci ƙwarai, sai robar ta yi ta kumbura har ta fashe, akwatin ya sauko da laimarsa. Hoton da yaro zai samu zai nuna masa sama baƙi ƙirin da rana tsaka, ga kuma lanƙwasar duniya a gefe. Ban san darasin allo da zai yi masa wannan ba.

Ba sabon abu ba ne. A Amurka masu rediyon sha'awa, wato masu lasisin aika saƙon rediyo don sha'awa ba don kasuwanci ba, sun fara shi tun 1987, lokacin da Bill Brown ya harba nasa a jihar Ohio. A nahiyarmu ma ƙungiyar masu rediyo ta garin Secunda a Afirka ta Kudu tana da shiri mai suna BACAR, inda 'yan makaranta ke kawo gwajinsu a ɗora musu.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wannan: harbawa ba ta da wuya, gano inda akwatin ya faɗi shi ne aiki. Layin wayar salula ba ya kaiwa can sama, idan kuma ya sauka a daji ƙila babu layin ma. Shi ya sa ake dogara da tsarin APRS da marigayi Bob Bruninga ya ƙirƙiro. Na'urar na aika wurin da take kowane minti ko makamancin haka, a yankinmu kan megahaz 144.800, duk mai eriya da lasisi ya kama saƙon ya tura intanet, a ga balan-balan ɗin yana tafiya a kan taswira. A Turai masu sauraren sun yi yawa. Mu a nan, idan motar da ke bin sawu ta rasa saƙon a mintunan ƙarshe, wa zai ji shi?

Ga kuma sanyi. Mutane na ɗauka ƙasar zafi samanta ma zafi ne, alhali a samanmu, wajen kilomita 17, sanyi kan kai digiri 80 ƙasa da sifili, ya fi na saman Turai tsanani. Batirin kanti mutuwa yake yi, sai na litiyum, a kuma naɗe akwatin da kyau. Wasu na'urorin GPS ma daina aiki suke da sun haura kilomita 18, dole a bincika kafin a saya.

Sai abin da ya fi damuna. Iskar sama ba ita ce iskar ƙasa ba, tana iya kwasar akwatin ta kai shi fiye da kilomita 100. Wanda ya harba daga Katsina zai iya tsintar kayansa a Nijar, ko a dajin da ba malamin da zai yarda ya kai yara. Kuma a halin da muke ciki, akwati mai wayoyi da eriya ya faɗo gonar mutum daga sama, ba wanda zai ga laifinsa idan ya yi zaton bam ne. Saboda haka a duba hasashen iska, idan ta nufi wurin da ba shi da kyau a ɗage ranar. A rubuta bayani a jikin akwatin da boko da ajami. A sanar da hakimai, dagatai da 'yan sanda, a kuma yi shela a gidan rediyon jiha tun kwana biyu kafin nan.

Roƙona ga hukumomi ba mai tsada ba ne. Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta sauƙaƙa wa ƙungiyoyin ɗalibai samun lasisin rediyon sha'awa. NCAA da NAMA, hukumomin da ke kula da zirga-zirgar jiragen sama, su fitar da hanya bayyananniya ta neman izini, domin ba a sakin irin wannan abu a hanyar jirage da ka. Ma'aikatan NiMet, hukumar hasashen yanayi, sun san aikin balan-balan na auna yanayi, su koya wa malamai yadda ake cika shi lafiya, musamman da yake haidirojin na kama wuta. A 2017 an harba ƙaramin tauraron ɗan Adam mai suna NigeriaEduSat-1 da hannun jami'ar fasaha ta Akure a ciki, kuma zangon masu rediyon sha'awa aka ba shi, don haka ilimin yana nan gida. Jami'o'in Zariya, Kano da Sakkwato su kafa tashar saurare ɗaya ɗaya a sashen injiniya, su bar ta a kunne dare da rana, sannan a gayyaci makarantun sakandare su kawo akwatunansu.

Wassalam.

Malamin kimiyya,
Zariya